Rumbun da Ba Ya Karɓar Shirme: Jagora ga Masu Aiki da SQL

Tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoban 2020, lokacin da annobar korona ke ƙara ƙamari a Ingila, sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ya ɓace daga lissafin hukumar lafiyar al'umma ta ƙasar. Ba kutse aka yi ba, ba kuma wata na'ura ce ta ƙone ba. Ɗakunan gwaji suna turo sakamako, hukumar kuma tana zuba shi cikin tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da fayil ya cika, ragowar sai ta zube, ba tare da wani gargaɗi ba. Aka yi kwanaki ba a bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da majinyatan ba.

Shirun nan shi ne abin tsoro. Babban amfanin rumbun bayanai mai alaƙa, irin su PostgreSQL da MySQL da Oracle da SQL Server da SQLite, shi ne ana iya koya masa ya ƙi. Yana iya ƙin kuɗin da ba su da mai su, ya ƙi rasit mai lamba ɗaya sau biyu, ya ƙi aikin da aka yi rabi aka bar rabi. Amma da yawa daga masu koyon rubuta manhaja suna ɗaukar rumbu tamkar wurin jibge kaya, su kwashe duk dokokin su kai cikin manhajar, su bar shi yana haɗiye duk abin da aka miƙo masa. Manhaja kuwa ana sauya ta, ana sake rubuta ta, mai rubuta ta yakan bar aiki. Bayanan su ne ke daɗewa, don haka a jikinsu ya kamata doka ta zauna.

Tunanin rumbu mai alaƙa ya samo asali ne daga Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki da kamfanin IBM a San Jose ta Amurka. A 1970 ya wallafa maƙalar da ta ce a jera bayanai a tebura, a haɗa teburan ta hanyar ƙimar da suka yi tarayya a kai, mai tambaya kuma ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta nemo hanyar samo shi. Abokan aikinsa Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro harshen tambayar a 1974, wanda daga baya aka sani da SQL. Oracle ya shiga kasuwa a 1979, MySQL ya fito daga Suwidin a 1995, PostgreSQL kuma ya tsiro daga aikin Michael Stonebraker a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. SQLite, wanda Richard Hipp ya rubuta a 2000, yana cikin kowace wayar Android da iPhone, wato mai riƙe da waya yana yawo da irin wannan rumbu a aljihunsa ko bai sani ba.

A ɗauka wata makarantar kuɗi ce mai ɗalibai 400 take son ta daina rubuta kuɗin makaranta a rijista. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne tebur guda: sunan ɗalibi, ajinsa, sunan mahaifinsa, lambar wayar mahaifin, abin da aka biya. Matsalar tana fitowa ne a gidan da ke da yara huɗu a makarantar. Lambar wayar uban tana wuri huɗu, a kowane zango kuma tana ƙara maimaituwa. Ranar da ya sauya layi, akawu zai gyara wuri biyu ya manta da sauran, daga nan babu wanda ya san wace lamba ce ta gaskiya. Idan kuma aka goge yaro na ƙarshe da ya kammala, bayanin uban ya tafi tare da shi, ko da ana binsa bashi.

Maganin shi ne kowace gaskiya ta zauna wuri ɗaya tak. A yi teburin iyaye, a yi na ɗalibai, a yi na biyan kuɗi. Kowane layi a ba shi lambar shaida wadda babu mai irinta, ita ce babban mabuɗi. Teburin ɗalibai ya riƙe lambar uba kawai, ba sunansa da wayarsa ba. Teburin biya ya riƙe lambar ɗalibi. Idan ana son a ga komai a jere, umarnin JOIN zai haɗo su cikin ƙiftawar ido. Littattafai suna kasa wannan tsari mataki-mataki, amma tambaya guda ta ishi mai aiki: idan wannan bayanin ya sauya gobe, wuri nawa za a gyara? In amsar ta wuce ɗaya, da sauran aiki.

Suna ba ya zama mabuɗi. Makarantar da ke da ɗalibai 400 a Kano ko Zinder da wuya a rasa Aisha Muhammad biyu ko uku a cikinta. Lambar waya ma ba ta zama mabuɗi, don ana sauya ta, kuma kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. A bar rumbun ya riƙa ba da lamba da kansa, kuma a zaɓi BIGINT tun farko. Nau'in INTEGER yana ƙarewa ne a 2,147,483,647, adadin da ake ganin ba za a taɓa kai shi ba. Kamfanin Basecamp ya kai shi a ranar 8 ga Nuwamban 2018: wani teburinsa mai yawan shiga ya cika, masu amfani da manhajar suka yi kusan awa 5 suna iya karantawa amma ba sa iya rubuta komai.

Zaɓen nau'in ginshiƙi yana buƙatar natsuwa fiye da yadda ake ba shi. Kuɗi ba sa shiga FLOAT. Kwamfuta tana ajiye irin wannan adadi ne da kusanci, shi ya sa 0.1 da 0.2 suke ba da 0.30000000000000004 a yawancin harsunan manhaja. Ɗan bambancin nan yana taruwa, ƙarshen shekara lissafin akawu ya ƙi daidaituwa da na banki, a kwana ana neman kwabo. A yi amfani da NUMERIC ko DECIMAL, ko a ajiye kuɗin a kwabo a matsayin cikakken adadi. Lambar waya da ta asusun banki da NIN da BVN kuma rubutu ne, ba adadi ba ne, tunda babu mai tara su ko ya raba su. Wanda ya sa 0803 a ginshiƙin adadi zai tarar sifilin farko ya ɓace, lambar NIN mai alƙaluma 11 kuwa ta fi ƙarfin INTEGER gaba ɗaya. Kwanan wata ya shiga DATE. Idan aka bar shi rubutu, wani akawu zai sa 03/04/2024 yana nufin 3 ga Afrilu, wata manhajar Amurka ta karanta 4 ga Maris.

Ga yadda teburin biyan zai kasance a PostgreSQL idan an sa masa dokokinsa:

CREATE TABLE biya (
  lamba BIGINT GENERATED ALWAYS AS IDENTITY PRIMARY KEY,
  lambar_dalibi BIGINT NOT NULL REFERENCES dalibai,
  kudi NUMERIC(12,2) NOT NULL CHECK (kudi > 0),
  lambar_rasit TEXT NOT NULL UNIQUE,
  rana DATE NOT NULL
);

Layuka kaɗan ne, amma kowanne yana toshe wata kafa. REFERENCES ya hana a rubuta kuɗi da sunan ɗalibin da babu shi, ya kuma hana a goge ɗalibin da ke da tarihin biya. CHECK ya hana sifili da adadi mai alamar ragi. UNIQUE ya hana rasit ɗaya shiga sau biyu, abin da ke faruwa kullum idan intanet ta yi nauyi mai aiki ya danna maɓalli karo na biyu. Ko da wani ya tsallake manhajar ya shiga rumbun kai tsaye, dokokin suna nan suna jiransa.

Sai dai a tabbata rumbun yana aiki da dokar da aka rubuta masa, domin ba kullum ba ne. MySQL ya yi shekaru yana karɓar CHECK ba tare da ƙorafi ba sannan ya yi watsi da shi, sai a siga ta 8.0.16 a 2019 ya fara tilasta shi. SQLite ba ya duba mabuɗin alaƙa, wato REFERENCES, sai an rubuta PRAGMA foreign_keys = ON a duk lokacin da aka buɗe haɗi. Gwajin mai sauƙi ne: da zarar an gama gina tebur, a yi ƙoƙarin cusa masa bayanin banza da gangan. In ya karɓa, an gano matsalar tun tana ƙarama.

Mai gina rumbu don masu jin Hausa yana da wani aiki na musamman da littattafan waje ba za su tuna masa ba, wato haruffan ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Kafin siga ta 8.0, MySQL yana zuwa ne da tsarin haruffa na latin1, wanda bai san waɗannan ba. Ɗanladi zai shiga, ya fito da alamar tambaya a madadin harafin farko, kuma abin da ya lalace ta haka ba ya gyaruwa sai an sake bugawa da hannu. A MySQL a zaɓi utf8mb4, a teburin da kuma haɗin da manhajar ke buɗewa. Tsohon wanda ake kira utf8 kawai yana ɗaukar haruffan Hausa, amma yana tuntuɓe da alamomin fuska da mutane ke sakawa a saƙonnin waya. Akwai kuma batun jeri. Idan rumbu yana jera sunaye bisa lambar harafi zalla, kamar yadda SQLite ke yi, Ɗahiru zai koma bayan Zubairu a jerin aji. PostgreSQL tun siga ta 10 a 2017 yana iya amfani da ƙa'idojin jeri na ICU, waɗanda suka haɗa da na Hausa, su sa ɗ ta biyo bayan d, ƙ ta biyo bayan k.

Alamar hamza da ke cikin Sa'adatu da Rabi'u da Isma'ila ta fi haruffan ma haɗari, domin ita ce alamar da SQL ke buɗe rubutu da rufe shi da ita. Mai koyo yakan harhaɗa tambayarsa ta hanyar liƙa abin da aka buga a fom, sai ta fito kamar haka: WHERE suna = 'Sa'adatu'. Rumbun zai karanta Sa, ya ga an rufe, ya ɗauki ragowar a matsayin umarni, ya yi kuskure. Wasu masu manhaja sukan magance wannan ta hana alamar shiga fom, yarinya ta koma Saadatu a takardar sakamakonta. Wannan cin fuska ne ga mai suna, kuma bai rufe ƙofar ba. Kuskuren yana nuna cewa duk abin da baƙo ya buga yana iya zama umarni, mai kutse kuma da gangan zai buga alamar, ya biyo ta da tasa tambayar, ya kwashe teburin baki ɗaya.

Ta wannan kafa aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a Oktoban 2015. Masu kutse suka bi ta wasu tsofaffin shafukan intanet da kamfanin ya gada lokacin da ya sayi Tiscali a 2009, suka kai ga bayanan mutum 156,959, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000. A 2023 irin wannan rauni a manhajar aika fayil ta MOVEit ya buɗe bayanan hukumomi da kamfanoni masu ɗimbin yawa a faɗin duniya. Maganin kuwa tsoho ne kuma kyauta ne. A rubuta tambayar da gurbi, WHERE suna = ?, a miƙa sunan daban. Rumbun zai ɗauke shi a matsayin bayani ko me ke cikinsa. PDO na PHP da psycopg na Python da JDBC na Java duk suna yin haka, babu wani uzuri da ya rage. Abu ɗaya da za a ƙara: waya takan buga alamar a lanƙwashe, kwamfuta ta buga ta a miƙe, rumbu kuma yana ganinsu haruffa biyu daban. A mayar da su iri ɗaya kafin a ajiye, in ba haka ba a nemi Rabi'u a rasa alhali yana ciki.

Yanzu uba ya zo da naira 90,000 zai biya wa yara uku. Manhaja za ta rubuta layi uku. Ta rubuta biyu, aka ɗauke wuta. Rasit ɗin banki yana cewa 90,000, rumbu yana cewa 60,000, yaro na uku za a kore shi gida ranar Litinin. Domin irin wannan aka yi dunƙulallen aiki: a fara da BEGIN, a yi rubutun uku, a rufe da COMMIT. Ko duka su shiga ko babu wanda ya shiga. Rumbun yana cika wannan alkawari ne ta hanyar rubuta kowane sauyi a wani kundi na musamman a faifai kafin ya taɓa teburin kansa. Idan wuta ta dawo sai ya karanta kundin, ya ƙarasa abin da aka tabbatar, ya watsar da wanda ba a tabbatar ba. Jim Gray ne ya yi fice wajen kafa wannan fanni, Theo Härder da Andreas Reuter kuma suka tattara sharuɗɗansa huɗu a 1983 ƙarƙashin sunan ACID. A wurin da wuta ba ta da tabbas, kada a kuskura a kashe saitin fsync, wanda ke tabbatar da cewa rubutun ya kai faifai, don neman sauri, duk da shawarar da za a gani a wasu wurare. A MySQL kuma a duba cewa teburan InnoDB ne, don tsohon injin MyISAM bai san dunƙulallen aiki ba sam.

Dunƙulewa kaɗai ba ta hana mutum biyu karo. Gurbi ɗaya ya rage a aji, akawu biyu suka duba a lokaci guda, kowa ya ga 1, kowa ya ba da shi. Kuskuren shi ne karantawa a manhaja, a yi lissafi a can, a dawo a rubuta. A bar rumbun ya yi lissafin: UPDATE azuzuwa SET gurbi = gurbi - 1 WHERE lamba = 7 AND gurbi > 0, sannan a duba layi nawa ya sauya. Na farko zai sami 1, na biyu zai jira shi ya gama sannan ya sami sifili, ya san gurbin ya tafi. Inda lissafin ya fi haka rikitarwa, SELECT tare da FOR UPDATE yana kulle layin har a gama.

Akwai ɗabi'ar da ke bambanta ƙwararre da sabon hannu idan za a gyara bayani kai tsaye. Kafin ya rubuta UPDATE ko DELETE, ƙwararre yakan fara gudanar da SELECT da sharaɗin WHERE ɗin da zai yi amfani da shi, ya kalli layukan da idonsa. Sai ya buɗe BEGIN, ya yi gyaran, ya karanta adadin da rumbu ya ce ya taɓa. Yana tsammanin layi 3 ya ga 400, sai ROLLBACK, babu abin da ya lalace. MySQL yana da saitin sql_safe_updates da ke ƙin irin wannan umarni idan babu sharaɗi mai mabuɗi, ya kamata a kunna shi. A kuma sani cewa PostgreSQL yana iya janye DROP TABLE idan an yi shi cikin dunƙulallen aiki, MySQL da Oracle kuwa ba sa janyewa.

NULL ma tarko ne. Ba sifili ba ne, ba rubutu marar komai ba ne, yana nufin ba a sani ba. Saboda haka tambayar ko NULL daidai yake da NULL ba ta da amsar e, sai an rubuta IS NULL. Shugabar makaranta ta nemi jerin waɗanda ba su biya ba, mai manhaja ya yi amfani da NOT IN a kan teburin biya. Idan ba a sa wa ginshiƙin NOT NULL ba, kuma akwai layi ɗaya tak da lambar ɗalibinsa take NULL, jerin zai fito fayau, kamar kowa ya biya. NOT EXISTS ba shi da wannan aibi. Haka AVG yake tsallake NULL, ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba ya fita daga matsakaicin aji ba tare da an lura ba.

Idan rumbu ya fara nauyi, abin da ake fara tunani shi ne sayen sabar mai ƙarfi, alhali sau da yawa fihirisa ce babu. Aikinta ɗaya da fihirisar da ke ƙarshen manyan littattafan hadisi: maimakon a bi shafi dubu ɗaya bayan ɗaya, a duba jerin da aka tsara, ya faɗi shafin. Tsarin da yawancin rumbuna ke amfani da shi Rudolf Bayer da Edward McCreight ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin Boeing a farkon shekarun 1970, kuma da shi ana samo layi ɗaya cikin miliyoyi da taku uku ko huɗu. Amma kowace fihirisa tana cin wuri, tana kuma rage saurin rubutu, tunda duk sabon layi sai an shigar da shi cikinta. Wanda ya sa wa kowane ginshiƙi fihirisa ya sauya matsala ne kawai. A sa ta inda ake yawan nema da inda ake haɗa tebura. InnoDB yana yi wa mabuɗin alaƙa fihirisa da kansa, PostgreSQL ba ya yi, kuma wannan mantuwa ce da ke addabar mutane da yawa.

Ana iya samun fihirisa kuma tambaya ta ƙi bi ta kanta. Fihirisar da aka gina a kan aji sannan suna tana taimakon mai neman aji, ko aji da suna, amma ba ta cika amfanar mai neman suna kaɗai ba. LIKE 'Abdul%' yana iya amfani da fihirisar suna, LIKE '%lahi' ba ya iyawa, don ba a san harafin farko ba. Wanda ya rubuta YEAR(rana) = 2024 ya tilasta wa rumbu lissafa shekarar kowane layi, gara ya ce daga 1 ga Janairun 2024 zuwa ƙasa da 1 ga Janairun 2025. Ba a yin hasashe a nan. A sa EXPLAIN a gaban tambayar, rumbun zai faɗi hanyar da zai bi. EXPLAIN ANALYZE ya fi ba da bayani, sai dai yana gudanar da umarnin da gaske, don haka a yi hattara da shi a kan DELETE. Wani nauyin kuma daga manhaja yake: ta ɗauko ɗalibai 400 da tambaya ɗaya, sannan ta koma ta tambayi kuɗin kowanne daban, tambaya 401 a inda JOIN ɗaya zai wadatar. Kundin tambayoyi masu jinkiri na MySQL da pg_stat_statements na PostgreSQL suna tona irin waɗannan.

Ɓangaren tsaro ba shi da wuyar fahimta, bin sa ne ke wuya. Manhaja kada ta shiga rumbu da asusun root ko postgres, a yi mata nata mai iyakantaccen izini, mai duba rahoto kuma a ba shi izinin karatu kawai. Kalmar sirrin masu amfani ba a ajiye ta yadda take, a narkar da ita da bcrypt ko Argon2. Ƙofar rumbun, 5432 ko 3306 ko 1433, kada ta fuskanci intanet. Gyaran da kamfani ya fitar a saka shi da wuri: tsutsar Slammer da ta kama kimanin sabar 75,000 cikin minti 10 a Janairun 2003 ta bi ta wani rauni ne na SQL Server da Microsoft ya fitar da maganinsa wata 6 kafin nan. A Najeriya abin ya zama na shari'a ma, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan.

Mafi nauyin amanar da ke wuyan mai kula da rumbu ita ce kwafin ajiya, kuma labarin GitLab ya cancanci a tsaya a kansa, don kamfanin da kansa ya bayyana komai dalla-dalla. A daren 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansa yana ƙoƙarin gyara sabar ta biyu wadda ta daina bin ta farko. Ya ba da umarnin goge babban fayil ɗin bayanai, bai lura cewa tagar da yake ciki ta sabar farko ba ce. Cikin daƙiƙa kaɗan ya farga ya tsayar, amma daga kusan gigabait 300 saura kamar 4.5. Kamfanin yana da hanyoyin kariya har guda 5 a rubuce. Da aka waiwaye su, babu wadda ke aiki yadda ake zato. Kwafin da pg_dump ya kamata ya riƙa ɗauka ya daɗe yana faɗuwa, saboda sigar 9.2 ce ake gudanarwa a kan rumbu mai siga 9.6, ma'ajin da ake tura shi fayau yake. Saƙonnin imel da ke sanar da faɗuwar kuma ana mayar da su tun kafin su isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da injiniyan ya ɗauka da hannu awa 6 kafin nan don wani gwaji. Aikin awa 6 ya salwanta, ya shafi ayyuka kusan 5,000 da sababbin asusu kusan 700.

Darussan da ke ciki sun shafi ƙaramin ofis kamar yadda suka shafi babban kamfani. Sabar ta biyu mai kwaikwayon ta farko ba kwafin ajiya ba ce, don DELETE ɗin kuskure yana isa gare ta cikin daƙiƙa. Kwafe babban fayil ɗin bayanai zuwa filas alhali rumbun yana aiki, kamar yadda wasu masu XAMPP ke yi, yana iya ba da abin da ba zai buɗu ba. A yi amfani da pg_dump ko mysqldump, ko kayan da aka yi don ɗaukar kwafi rumbu na gudana. Tsarin da aka fi bi shi ne kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya a wajen ginin, saboda gobara da ɓarawo ba sa bambanta kwamfuta da faifan da ke kusa da ita. Wanda ba zai jure asarar aikin yini guda ba ya riƙa adana kundin sauye-sauye, WAL a PostgreSQL ko binlog a MySQL, wanda ke ba da damar mayar da rumbu yadda yake minti ɗaya kafin kuskuren. Tsarin sanarwa kuma a juya shi: maimakon jiran saƙon faɗuwa, a sa ido ga saƙon nasara, in bai zo ba da safe a bincika.

Sai gwajin maidowa, wanda shi ne aka fi tsallakewa. Sau ɗaya a wata a sami wata kwamfuta daban, a ɗauko kwafin jiya daga inda aka ajiye shi a waje, a zuba shi a sabon rumbu daga farko. A ƙirga layukan manyan tebura a gwada da na asali. A tara kuɗin zangon nan a ga ko ya yi daidai da na akawu. A buɗe sunaye kaɗan masu ƙ da ɗ a tabbata sun dawo lafiya, don tsarin haruffa yakan karkace a hanya. A rubuta matakan a takarda, a ba wani abokin aiki ya bi su ba tare da taimako ba, tunda ranar da abin zai faru mai kula da rumbun yana iya kasancewa a kan hanya ko a gadon asibiti. A kuma duba agogo a rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci. GitLab ya shafe kusan awa 18 kafin ya dawo, mafi yawansu wajen jiran kwafin ya taso daga wani faifai mai jinkiri da babu wanda ya taɓa auna saurinsa don irin wannan rana.